Tsamiyar Iya Rekiya

Ranar wata Talata ce cikin Agustan 2022, ana yayyafi, Halimat ta fara ganin Muhyiddin. Yana tsugune a lambun renon itatuwa da ke bakin titi a Lafia, yana naɗa leda a jikin wani ɗan mangwaro. Mahaifinta, Malam Babandi, ne ya aiko ta neman wanda ya iya haɗin reshe, abin da masu lambu ke kira aure.

"Tsamiya ce," in ji ta. "Ta kakata. Masu aikin hanya sun shafa mata jan fenti, sun ce kafin wata daminar za su sare ta."

"To ku shuka ƙwallonta mana."

"Baba ya taɓa shukawa. Shekara goma ya jira, mai tsami ta fito. Tamu zaƙi gare ta."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. Ledar ta warware daga hannunsa, bai lura ba.

A shekarun nan unguwarsu Azuba ba ta gama cika da gidaje ba, daga nesa ana hango tsamiyar a ƙofar gidansu. Kakar Halimat, Iya Rekiya, ce ta zo da ita tana ɗan tsiro daga Awe, cikin kwandon gishiri, shekarar da aka kawo ta ɗakin miji. A inuwarta mata ke surfe, a nan Halimat ta koyi carafke, kuma da 'ya'yanta ake dama kunun azumi ba tare da sukari ba.

Washegari Muhyiddin ya zo. Ya yanki reshe talatin, ya haɗa kowanne a kan ƙaramar tsamiya ta cikin leda, ya jera su a tsakar gida. Daga nan duk bayan kwana biyu sai ya dawo dubawa.

"Sadiyata, yau ma zan zo duba marasa lafiyana. A ajiye min kunu," ya rubuto mata.

"Mai Lambu, likita ne kai ko makwaɗaici? Shekaranjiya ko ganye ɗaya ba ka taɓa ba."

Cikin mako uku duka talatin ɗin suka yi baƙi. Malam Babandi ya kira shi zaure. Halimat na bayan ƙofa tana ji.

"Baba, na san ba lokacinsa ba ne," in ji Muhyiddin. "Tsamiya ba ta son haɗi a tsakiyar damina, ruwa ke shiga ya ruɓar da wurin. Sai ƙarshen rani, in ta fara shirin sabon ganye."

"Ka sani, kuma ka yanka?"

"Tsoro na ji in ce ku dawo bayan wata bakwai."

Tsohon ya ce, "Wanda ya ɓoye gaskiya a kan itace, me zai yi a kan mutum? Kada in sake ganinka a ƙofar nan."

A tsakanin nan Luqman ya fara zuwa, ɗan abokin mahaifinta, dillalin filaye. Yana da mota, yana da ladabi. Ran nan ya dubi jan fentin ya ce, "Itace ne fa, Baba. Ni zan kawo muku fulawowi daga Abuja." Halimat ta kawo masa ruwa ta koma ciki.

A Fabrairu wata ƙawarta ta gaya mata cewa duk Asabar ana ganin Muhyiddin a Agyaragu, gidan wata mai suna Doofan. Halimat ta daina amsa saƙonninsa. Na ƙarshe cewa ya yi, "Sadiyata, ko zagi ne ki turo, in san wayarki na aiki."

Ba ta tura ba. Ranar Asabar ta hau mota ta tafi da kanta.

Doofan ta kai shekara hamsin. Halimat ta same ta ƙarƙashin doguwar rumfar ganyen kwakwa a gefen rafi, ƙananan tsamiyoyi jere a gabanta. Da Hausarta ta 'yan koyo ta tarbe ta.

"Kai ne Halimat? Abeg, zo ka ɗauke wannan mutum naka. Wata biyar ke nan, tsamiya, Halimat, tsamiya, Halimat. Kunnena ya gaji!"

Muhyiddin ya fito daga bayan rumfar da bokiti. Ya ce a bakin titi rana za ta gasa haɗin kafin ya kama, nan kuwa akwai inuwa da danshin rafi. Komai ya shirya, reshe kawai ya rage, shi kuma an hana shi ƙofar.

Halimat ba ta yanka a ɓoye ba. Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ko ba mu yanka ba, injin zai yanka."

Ya ba ta izinin reshe ashirin. Da safe, kwana biyar kafin azumi, ta yanka da hannunta tana duba saƙonsa: "Mai kaurin fensir, mai ido a kumbure. Ki naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, kada rana ta gan su. Ke ma ki sa mayafi, kada ta gan ki."

A Afrilu aka sare tsamiyar. Ranar Malam Babandi bai fito ƙofar gida ba, ta baya ya bi zuwa masallaci.

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah, keke napep ya tsaya a inda inuwar take a da. Muhyiddin ya sauke leda ashirin. Bakwai sun fitar da sabon ganye, jaja-jaja, sha uku sun bushe.

"Matattun kuma na mene ne?" tsohon ya tambaya.

"Naku ne, Baba. Ashirin aka ba ni."

Malam Babandi ya tsuguna ya taɓa ganyen da ɗan yatsa ɗaya. "Yaushe za su yi 'ya'ya?"

"Shekara uku, ko huɗu. Ba ni da tabbas."

"Da wani ne, gobe zai ce." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ka ce wa magabatanka ina gida ranar Juma'a."

Halimat ta saki labulen zauren, ta tafi ta zauna a bakin rijiya.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, mahaifinta ya ɗora hannu a kanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. In abu ya lalace a gidanku, ku faɗa wa juna tun da wuri."

Doofan, da ta zo tun daga Agyaragu da kwandon lemo a ka, ita ta fi kowa ɗaga murya da amin.