Giwar Da Na Ɗinka Cikin Fushi

"Yaya, wace ce wannan?!"

Na miƙa mata wayar da sauri har allura ta soke ni a yatsa.

"Mai hoton nan ce da ke bin ma'aikatan gandun daji. Sai me?"

"Dubi wuyanta!"

Hiramin da na yi wa Dogo surfani ne, da ɗan giwa a gefensa. Ga shi naɗe a wuyan wata, tana dariya, kafaɗarta na gogar tasa.

Dogo ne saurayina, mai gadin gandun daji. Shi ya raba ni da ɗinka furanni a zanin gado. Ya ce mutane ba sa karanta gargaɗi kan ɓarayin hauren giwa, amma za su tsaya gaban ƙyalle mai kyau. Tun daga nan shagona ya cika da giwaye da raƙuman dawa, ina shirin kai su baje koli.

Na kira shi.

"Rabin raina..."

"Riƙe rabin ranka! Wa ya ba ta hiramina?"

"A mota ta ɗauka, wallahi ban ma lura..."

Na kashe wayar.

Umma, da ke ninke yadi a bayana, ta taɓe baki. "Dama na faɗa miki. Mutumin da kullum yana bakin bindiga, in bai bar ki da kishi ba, ya bar ki da takaba."

Ya yi ta kira, na ƙi ɗagawa. Na zauna gaban babban ƙyallen giwar da nake ɗinkawa, kowane sukan allura kamar fuskar mai hoton nake suka.

Wata safiya Yaya ta faɗo shagon ba ko sallama.

"Tashi! Mafarauta sun harbi Dogo a cinya!"

Ban san yadda na isa asibiti ba. Ina tura ƙofa na ga mai hoton nan a kujerar gefen gadonsa, riƙe da kofi, shi kuma yana barci.

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Sai yanzu?" ta ce tana kallona sama da ƙasa. "Ni na ɗaure masa ƙafar, ni na tuƙo motar. Ke kina ina?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ita ta fi ƙona ni.

"Allah ya saka miki da alheri," na ce. "Yanzu tashi min daga kujerar."

Ta ajiye kofin, ta miƙe.

"Da gangan na sa hoton nan, don ki gani. Ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Amma duk tsawon hanya yana zubar da jini, maganarsa ɗaya: kada a gaya miki, hannunki zai yi rawa ki ɓata aikinki."

Ta fita.

Da ya farka, sai ya yi murmushin wahala.

"Mai allurata... kin huce?"

"Ban huce ba!" na ce, hawaye na zuba. "Wa ya ce ka tare harsashi?"

Murmushin ya ɓace. "Mun makara. Sun kashe uwar garken giwayen, sun yanke mata fuska don haure. Ɗanta yana tsaye yana tura ta, wai ta tashi... Ina so mutane su ga abin nan, masoyiya."

Mutum ɗaya ke da hoton abin da ya faru. Na fita, na sami mai hoton a baranda.

"Ki turo min."

Ta turo.

Na warware rabin aikina na sake. Baƙin zare, jan zare, toka-toka. Inda haure ya kamata ya kasance, sai na sa almakashi na huda ƙyallen, na bar shi a haka.

Ranar baje koli, jama'a suka yi cirko-cirko a gabansa. Na ga wata hajiya ta zare awarwaron haure daga hannunta, ta cusa a jaka cikin kunya. Umma kuwa ta tsaya tana share ido da bakin mayafi, sannan ta juya ga Dogo da ke dogare da sanda.

"Dama abin da kake tarewa ke nan?"

"Shi ne, Umma."

"To... ka turo magabatanka."

Na rufe fuska. Ya matso yana ɗingishi, ya rage murya.

"Zuciyata, mai hoton ta ce tana so ta ɗauki hotunan bikinmu."

Na zabga masa harara.

"Ta zo. Amma ko a hoto ɗaya na ga fuskarta, sai na ɗinke maka ɗaya ƙafar a jikin kujera!"