Tufkar Hagu

Ranar da Sajan Saminu ya fara ganin Ikilima, igiyar da aka shaƙe mutum da ita ce a hannunsa, cikin baƙar leda.

Kwana uku ke nan da tsintar gawar Alhaji Ikrima, falken shanu, a wata gonar gero a hanyar Zango. An kashe shi, an kore bajimansa shida. Tun ranar Saminu bai yi barcin kirki ba. Shekara tara yana binciken kisa, har ya kai matsayin da in mutum ya yi masa murmushi sai ya fara tunanin me yake ɓoyewa. An dawo da shi Daura daga Katsina wai don ya huta. To, ga hutun nan.

Ya ratsa kara, kasuwar dabbobi, yana tsallake kashin shanu da hayaniyar dillalai, har ya isa rumfar Malam Hamma mai igiya. Dattijon ya dubi ledar ya kau da kai, ya ce igiya ai igiya ce, shi bai san komai ba.

"Tawa ce."

Ikilima ce, 'yar tsohon, a bayansa take zaune, ta maƙale bakin wata igiya a babban yatsan ƙafarta tana tufka. Doguwa ce, baƙa, idonta ba ya gudun na mutum. Uban ya harare ta, ba ta fasa ba. Ta ce ita bahaguwa ce, don haka tufkarta hagu take murɗawa, saɓanin ta kowa a kasuwar. Guda bakwai marigayin ya sa ta yi masa, ya ce a saka jan zare a ciki don ya bambanta su da na mutane. Shida ya ɗaura wa bajimansa, ɗaya ya rataya a kafaɗa.

Saminu ya zauna kan benci don ya rubuta. Ya jingina da dirkar rumfa, ya rubuta layi biyu, shi ke nan abin da ya sani.

Da ya farka inuwa ta juya. Kwanon fura na gefensa an rufe da faifai, littafinsa da biro an ajiye masa su a kan gwiwa.

"Yallaɓai," in ji ta, ba ta ɗago daga aikinta ba, "in haka kuke kama ɓarayi, Allah Ya jiƙan shanunmu."

Ya yi dariya. Shi kansa sai da ya ji baƙon sautin a kunnensa.

Daga ranar tambayoyi suka ƙi ƙarewa. Da suka ƙare ya ƙirƙiro wasu. Da su ma suka ƙare, ya daina kawo littafin gaba ɗaya, ya koma zuwa ƙofar gidansu bayan la'asar. Ba ya iya daɗin baki irin na samari. Zama yake yi ya dube ta, ita kuma ta yi ta tsokanarsa, ta sa masa suna Mai Gyangyaɗi.

Saƙonsa na farko gajere ne: "Bahaguwata, yau na je Baure na dawo, ban samu komai ba sai ciwon baya. Amma da na tuna akwai ki a garin nan, sai na ji kamar an sauke mini kaya."

Ta amsa: "Mai Gyangyaɗi, ka ci abinci tukuna. Soyayyar mai yunwa ba ta da tabbas. In ka ƙoshi ka sake turo wannan maganar, ina so in ƙara karantawa."

Ya ci, ya sake turawa.

Malam Hamma kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce ɗan sanda ba shi da gari, ba shi da ranar dawowa gida, yau yana Daura gobe takarda ta jefa shi inda ba a san sunan ubansa ba. Shi ya riga ya ga wanda ya dace da 'yarsa: Anwar, matashin dillali, ɗan makiyaya, wanda ya tashi a gabansa a cikin kara. Anwar akwai fara'a, akwai sabon babur, ga durƙusawa har ƙasa wajen gaisuwa. Duk sanda suka haɗu da Saminu sai ya miƙa masa hannu biyu yana tambayar yaya aiki, an dace kuwa?

Ba a dace ba. Sati uku Saminu yana bin kasuwanni, Zango, Baure, har bakin iyaka, yana leƙa wuyan kowane bijimi ko zai ga jan zare. Takalminsa ya ɓule. Daga sama kuma waya ta ƙi tsayawa, ana son a ga wani a hannu.

Ranar Alhamis ogansu ya buɗe rahoton da Saminu ya rubuta da hannunsa. Igiya daga rumfar Malam Hamma ta fito. Ga kuma shaidu, har da Anwar da ya yi magana kamar ba ya so, sun ce kwana ɗaya kafin kisan tsohon ya yi cacar baki da marigayin saboda bajimansa sun rushe masa gefen rumfa. Oga ya rufe fayil ya ce ya isa. Saminu yana Baure aka je aka ɗauko tsohon a gaban 'yan kasuwa. Litinin za a kai shi kotu.

Saminu ya shiga ofishin ogan ya yi magana har muryarsa ta dushe. Abin da ya samu shi ne: kawo wani kafin Litinin, ko ka yi shiru.

Yana fitowa saƙonta ya shigo.

"Ashe duk zuwan nan bincike ne. Ni na buɗe baki na ce igiyar tawa ce, Baba ya harare ni ban ji ba. Da bakina na ɗaure mahaifina, kai kuma ka rubuta. Kada ka sake kirana da wannan sunan."

Ya kira sau goma sha ɗaya. Wayar a kashe.

Ranar Asabar da rana ya sayi tuwo ya kai wa tsohon a ɗakin da ake tsare da shi. Malam Hamma ya daɗe bai taɓa ba. Da yunwa ta ci ƙarfinsa ya miƙa hannu, sai Saminu ya ga abin da babbar riga ke ɓoyewa a kasuwa: hannuwan rawa suke yi, ko loma ba sa iya kaiwa baki sai rabi ya zube. Shekara huɗu ke nan bai tufka ko taku ɗaya ba. 'Yarsa ke yi, shi yana zaune a gaba don kada a ce Hamma ya ƙare.

Saminu ya matsa ya riƙe masa kwanon. Don ya kore shirun, ya shiga ba shi labarin yawon da ya sha, yadda ya duba wuyan shanu sun fi dubu bai ga jan zare ba.

Tsohon ya daina tauna.

"A wuyan shanu kake nema?"

"To a ina zan nema, Baba?"

"Kai dai ɗan birni ne, wallahi." Ya girgiza kai. "Wa ya taɓa sayar da sa da igiyarsa? Mai saye shi ke zuwa da tasa. Mai sayarwa ya kwance tasa ya koma da ita gida, don albarkar garke a jikinta take. Da me kake zaton nake ci shekara arba'in? In wanda ya kore shanun nan ɗan kara ne, ko yana gudun mutuwa sai ya tsaya ya kwance."

Saminu ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Sati uku yana bin shanu, alhali igiyoyin suna gidan wani.

A bakin ƙofa ya tsaya ya rubuta wa Ikilima: "Ba sai kin yafe mini ba, ban ma roƙa ba. Abu ɗaya kawai. Babu wanda ya san tufkarki kamar ke. Duk inda kika ga igiya mai jan zaren nan a hannun mutum, ki gaya mini. Baba ya ci abinci."

Babu amsa. Ya kwashe ragowar ranar da safiyar Lahadi yana zaga gidajen dillalai da sunan gaisuwa, yana leƙen turaku da zaure. Daura ta yi masa faɗi. Ya yi la'asar a wani masallaci a gefen hanya, ya zauna kan dakali, bai da sauran inda zai je.

Wayar ta yi motsi.

"Anwar yana ƙofar gidanmu. Ya kawo buhun gero wai gudummawa. Igiyar da ya ɗaure buhun a babur tawa ce. Jan zare. Zan riƙe shi da hira. Ka zo."

Bai san lokacin da ya hau babur ba. Ya kira abokin aikinsa ya ce su haɗu can.

Ya tarar da su a inuwar dalbejiya. Ikilima ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, har da murmushi, amma hannunta na hagu ya damƙe gefen hijabi kamar zai yage shi. Anwar ya miƙe da fara'arsa ta kullum, hannu biyu a gaba.

Saminu bai karɓa ba. Ya wuce wurin babur ya shafa igiyar. Murɗin hagu, jan zare a tsakiya. Ya tambayi inda ya same ta. Anwar ya ce saya ya yi, a rumfar Baba mana, tun bara.

"Bakwai na yi," in ji Ikilima. Muryarta ta yi ƙasa amma ba ta karye ba. "Jan zaren daga tsohon gyalen mahaifiyata na zare shi, ya ƙare a ta bakwai. Ban taɓa yin irinta ba, ban kuma sake ba."

Fara'ar ta zame daga fuskar Anwar. Ya waiga hanya, ya ga abokin aikin Saminu ya tare bakin lungu. Sai hannunsa ya tafi ƙugu, ya zaro wuƙa. Wuƙar ta sami Saminu a dantse kafin ya danne shi a kan buhun geron, suka yi ta birgima a ƙasa har aka samu ankwa ta shiga.

Sauran igiyoyi biyar ɗin a ɗakin Anwar aka same su, a naɗe tsaf, rataye a ƙusa. Bai wahalar da kowa ba bayan haka. Marigayin ya yarda da shi ya ce ya raka shi Zango, shi kuma da bajiman ya yi niyyar haɗa lefe. Da Saminu ya tambaye shi me ya hana shi zubar da igiyoyin a daji, sai ya dube shi kamar wanda aka yi wa tambayar mahaukata, ya ce ya za a yi mutum ya yar da albarkarsa?

Ikilima ce ta ɗaure wa Saminu dantsen da ɗankwalinta kafin a kai shi asibiti. Ba ta dube shi ba sai da ta gama ƙulli.

"Na ga ka yi shiru," in ji ta. "Ba ka da abin cewa?"

"Kin hana ni sunan da na iya."

Ta share ido da bayan hannu. "Na janye. Faɗi."

"Bahaguwata."

"Na'am."

Malam Hamma ya kwana a gidansa ranar Litinin, amma bai ce ya yarda ya ba Saminu 'yarsa ba. Ya ce tunda yaron nan ya bincike shi, shi ma sai ya rama. Ya tura ƙanwarsa Kande Katsina, ta yi kwana biyar tana bin unguwarsu Saminu gida-gida, ta ji waye ubansa, wa ya haifi uwarsa, yana sallar asuba ko sai rana ta fito. Ta dawo ta ce ba ta samu aibu ba sai ɗaya: tun yana yaro ko a gidan biki barci yake yi.

Tsohon ya sa aka kira shi. "Bincikena kwana biyar ya ɗauka," ya ce. "Naka sati uku, kuma da ban taimaka ba da har yanzu kana leƙen wuyan shanu. Turo magabatanka."

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure, ranar Juma'a, 'yan kara suka cika layin har ba wurin ajiye babur. Da yamma, kafin a tafi da amarya, Malam Hamma ya kira ango zaure. Ya ciro wata 'yar igiya daga aljihu, gajera, karkatacciya, ta yi baƙi don tsufa. Ita ce ta farko da Ikilima ta tufka tana shekara bakwai. Hannunsa na rawa ya miƙa.

"Shekara arba'in ban taɓa barin igiya ta bi abin da ya fita daga hannuna ba," ya ce. "Wannan karon na yarda albarkar ta bi ta. Ka riƙe amana. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka."

Saminu ya karɓa da hannu biyu. Ya ce amin.

Washegari bayan azahar, baƙi sun ragu, ya zauna kan tabarma a tsakar gida yana ce mata yana da maganganu da yawa da ya tara tun ranar farko, yau sai ya faɗa mata su duka. Ta ce tana ji. Ya fara, ya kai jimla ta biyu, kansa ya gangara kan kafaɗarta.

Wayarsa ta soma ruri a gefe, sunan oga a jiki. Ikilima ta miƙa hannun hagu a hankali ta kashe ta, ta tura ƙarƙashin tabarma.

"Yi barcinka, Mai Gyangyaɗi," ta ce a ƙasa-ƙasa. "Sauran na riga na sani."