Milimita Sha Ɗaya

"Ba inda za ni, Kafinta! Ka ƙyale ni da asibitinka!"

Matarsa ce ta faɗa, tana murzar wanki kamar da rigar take faɗa. Shekara talatin da huɗu da aurensu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Kafinta. Shi kuwa tun tana amarya yake tsokanarta da Tsohuwa.

"Tsohuwa, shekara shida da ɗaukewar al'adarki. Yau kwana tara ina ganin dardumarki a ninke. Jini ne ko ba jini ba?"

"Ƙuruciya ce ta dawo. Baƙin ciki kake?"

"Ƙuruciyar da sai kin dafa bango kike tashi?"

Ta saki rigar cikin ruwa, muryarta ta karye. "Yayata da ƙafarta ta shiga asibiti... suka cire mata mahaifa, ko wata huɗu ba ta ƙara ba."

"Yayarki shekara biyu tana ɓoyewa! Ɓoyewar ce ta kashe ta, ba wuƙar likita ba!"

Maganar ta yi zafi, ya sani. Kwana uku ko sannu ba ta ce masa ba, sai dai ta dire abinci ta wuce.

A shago ya kasa aiki. Ya riƙe zarto, amma hankalinsa ya koma ƙofar gidan babanta. Yana saurayi aka kira shi gyaran ƙofar, ya ga yarinyar da ta kawo masa ruwa, shi ke nan ya bar ƙusa ɗaya a kwance da gangan. Ƙofa ta sake ɓaci, aka sake kiransa. Sau bakwai! A na bakwai tsohon ya ce, "Kai yaro, ƙofa kake gyarawa ko 'yata kake nema?"

Da la'asar ya koma gida, ya tsuguna gabanta duk da ciwon gwiwa.

"Sau bakwai na yi sintiri kafin na same ki. Yanzu ko sau saba'in ne zan roƙa. Kin san ko wajen ajiye takalmina ban sani ba. In kika tafi... wa zan ce wa Tsohuwa?"

Ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu ba ta ga hawayensa ba. Yau ta gani.

"Tashi, kada yara su shigo su gan ka haka," ta ce a hankali. "Miƙo min mayafina."

Likitar mace ce. Bayan an ɗauki hoto ta zaunar da su.

"Baba, bangon mahaifarta na ciki ya yi kauri, milimita sha ɗaya. Macen da al'ada ta ɗauke wa tana ganin jini, in ya wuce huɗu sai mun bincika."

Kafinta ya zaro tif ɗin awo daga aljihu, ya dafe wurin da farce. "Ɗan wannan? Ko falankin da nake yin ƙofar kabad da shi ya fi shi kauri!"

"Ɗan wannan, Baba. Wani lokaci sinadarin jikin mace ne ke rikicewa, ƙiba da ciwon suga suna ƙara shi. Wani lokaci ɗan tsiro ne. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci kansa ce, wato ciwon daji. Zan ɗebi kaɗan a gwada, ku dawo bayan kwana goma."

Tsohuwa ta damƙe gefen rigarsa, irin damƙar da ta yi masa ranar haihuwar 'yarsu ta fari.

Ya koma shago ya yanko ɗan katako mai kaurin milimita sha ɗaya cif, ya jefa a aljihu. Kwana goma yana shafa shi, har ya yi sulɓi.

Ranar sakamako, likita ta yi murmushi tun kafin su zauna.

"Ba kansa ba ce. Ɗan tsiro ne, za mu cire shi, mahaifarta na nan. Za ta riƙa zuwa muna dubawa. Gara da kuka zo da wuri, Mama."

Kafinta ya zura hannu a aljihu. Sai ya ciro katakon ya ɗora a tafin hannun matarsa.

"Meye wannan kuma?"

"Abin da ya so raba ni da ke."

Ta juya shi, ta ƙulle a bakin mayafinta. A hanya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ƙofar ɗakina fa tana ƙara, Kafinta."

"Zan duba."

"Ka bar ƙusa ɗaya a kwance."