Surukar Mai Gidan Burodi Ta Tafi Jami'a

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, gidan iyalin Arriaga ya cika da ƙamshin farfesun tumbi. Yolanda na jera kwanuka a tebur sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa, ta dafe kujera.

"Efraín! Zo ka gani, sun ɗauke ni!"

Mijinta ya fito daga kicin a guje. Shekara biyu ke nan tana zuwa kwalejin garinsu da yamma, bayan ta tashi aiki a gidan burodin surukarta. Yau ga shi tsangayar kasuwanci ta jami'ar jiha ta karɓe ta, za ta ɗora daga aji uku. Efraín ya ɗaga ta sama yana ihu.

Mahaifiyarsa, Mama Chelo, ko ludayi ba ta ajiye ba.

"Ina ne jami'ar?"

"Tafiyar awa uku ce, Mama."

"Awa uku! Karatun da kika yi a nan bai ishe ki ba? Na ga irinku. Yau a tafi da zobe a yatsa, gobe a dawo da lauya."

"Haba Mama!" in ji Efraín.

"Kai, rufe min baki! In ta tafi ka bi ta, amma ranar zan garƙame gidan burodin ubanka."

Yolanda ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigarta ta coci. Da suka keɓe a tsakar gida ta ce, "Bari in tura musu imel na fasa. Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba."

"Ba ki isa ba, madam manaja," ya ce yana share mata fuska. "Ni zan tsare tanda, ke ki tsare littafi. Tsoro Mama ke ji. Tun da Baba ya rasu ni kaɗai take gani."

Haka aka yi. Da ta je, jami'a ta ƙi amincewa da kwas biyu daga cikin na kwaleji, dole ta ƙara zango guda. Mama Chelo ta taɓe baki ta ce, "Allah ne ke nuna wa mai kunnen ƙashi hanya." Duk Juma'a takan hau bas ta dawo, Asabar da sassafe ta ɗaura gyale ta kama kwaɓa fulawa. Wata bakwai surukar ba ta ce mata komai ba ban da amsa gaisuwa.

A makon jarrabawa Mama Chelo ta zame a bakin tanda ta karye a hannu. Washegari ta buɗe ido ta ga Yolanda a bakin gado da ruwan ɗumi da tawul, littafi a buɗe kan cinyarta.

"Ba jarrabawa gare ki ba?"

"Sai Laraba. Ɗan ɗaga hannun, Mama."

Ta goge mata jiki, ta taje mata kai. Tana cikin kitsa mata gashi ta ji tsohuwar na shesshekar kuka.

"'Yata, na gaya miki maganganu marasa daɗi."

"Ai harshe da haƙori ma suna saɓawa, Mama."

Kafin bikin kammalawa wani kamfanin manyan kantuna a birnin San Antonio, nesa da garinsu, ya ba Yolanda aiki. Ta ɓoye takardar, ta ƙudurta za ta ƙi. Efraín ya sani, sai ya tafi ya faɗa wa mahaifiyarsa komai.

Ranar biki Mama Chelo ta zo da baƙar rigarta mai leshi da kwandon burodi mai zaƙi, tana raba wa duk wanda ta gani tana cewa, "Waccan mai hular 'yata ce!" Da aka watse ta kama hannun Yolanda.

"Na ji kin iya ɓoye takarda. Ki karɓi aikin. Na bar wa ƙanena Rigoberto tanda."

"Mama, ke fa?"

"Ni? Ku nemi gida mai ɗaki uku. Ba zan zauna a nan jikokina su tashi da burodin kanti ba!"

Efraín ya fashe da dariya, Yolanda ta rungume ta tana kuka.

Da Yolanda ta mayar da magana ranar farko, ko Efraín ya zaɓi ɗaya ya saki ɗaya, da gidan ya watse. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, har ya sha romonsa tare da wanda ya ce ba zai dahu ba.