Wadda Ke Riƙe wa Zulai Shafi

Ku matso kusa, ku rage murya. Da Zulai abin ya faru, 'yar makarantar jinya, wadda yayanta ya aiko mata da kwamfutar hannu cike da littattafai.

Manhajar karatun da ta zo a ciki kuwa 'yar wahala ce. Ba ta nuna lambar shafi. Ka rufe, ta manta inda ka tsaya, ta mayar da kai bangon littafi. Akwai kuma wani siririn layi a ƙasa, yatsa na gogarsa sai ta cilla ka ƙarshen littafi. In rana ta bugi allon, fuskarka kawai za ka gani.

Neman inuwa ne ya kai Zulai gindin tsamiyar bayan ɗakin kwanansu, da rana tsaka. Ba sallama, ba bisimilla. Ta zauna ta buɗe wani labari, tana karantawa a fili, don haka ta saba.

"Ɗaga murya, jikanya."

Wata tsohuwa ce zaune gabanta, lulluɓe da farin zane. Bakin yana gaba, amma muryar ta bayan kunnen Zulai take fitowa.

"Sannu, Iya. Ban ji zuwanki ba."

"Ni na ji naki. Kin fara mini labari a ƙofar gida. Sai kin kai ƙarshe za ki tashi."

Iska ta ɗan ɗaga zanen. Kofato. Biyu, busassu, kamar na jaki.

"Kin ga inuwar nan?" in ji tsohuwar. "In ta bar kanki ba ki gama ba, cikin tsamiyar za mu shiga ki ƙarasa. Mu ba ma sauri."

Zulai ta ci gaba. Allon ya mutu. Ta kunna, sai ga bango.

"Ina muka tsaya?"

"Ya... ya manta, Iya."

"To, sake daga farko."

Ta sake. Tsuntsaye sun yi tsit. Rana ta ci yatsun ƙafarta, ta hau ƙwauri.

"Saura shafi nawa?"

"Ba ya nunawa."

Tsohuwar ta yi dariya, bakinta a rufe. Wata tsaga a jikin tsamiyar ta fara buɗewa a hankali, sanyi na fitowa.

Rana ta kai kafaɗa. Sai idon Zulai ya faɗa kan siririn layin nan, wanda kullum take tsine wa. Ta ɗora babban yatsa, ta ja. Littafin ya zube har shafin ƙarshe. Ta karanta layuka ukun da ke wurin, numfashi ɗaya.

"Ya ƙare, Iya."

Kofato ya daki ƙasa sau ɗaya.

"Ƙarshe na ce, ƙarshe kika kai. Tashi. Amma kin ci mini tsakiya." Ta miƙo dogon yatsa ta dangwali allon. "Tunda abin naki mantuwa gare shi, ni zan riƙe miki wurin."

Zulai ta bar takalmanta a nan.

Tun ranar manhajar ba ta sake mantuwa ba. Kowane littafi ta buɗe, ko na jarrabawa ne, wannan shafin take tararwa, inda ta yi tsallake, da ɗan danshin yatsa a gefe. Ta goge labarin, ya dawo. Ta kyautar da kwamfutar ga wata ƙawarta a Gusau, ranar Juma'a ta tsince ta ƙarƙashin matashi, a kunne.

Don haka in allo ya hana ku gani, ku koma ɗaki. Kada ɗayanku ya je gindin tsamiyar nan shi kaɗai, balle ya buɗe baki ya yi karatu. Har yanzu ana jiran tsakiyar labarin.