Farin Ɗigo a Idon Jika

A gidan wani mai ɗaukar hoto abin ya faru, kuma hoto ne ya tayar da shi.

Wata rana da la'asar Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a falo, an jibge mata hotunan jikanta ɗan wata biyu a cinya. Takan kai kowane hoto har bakin hancinta, ta yi dariya, ta ce angon nata ya fi ubansa kyau. Yaya, babbar 'yarta, ita ce ta fara lura. Ta jera hotuna uku a kan tebur, ta ɗora yatsa. A kowannensu, tsakiyar idon yaron na hagu fari ne fat, yana ƙyalli kamar an dasa masa maɓalli.

Duk suka juya suka dubi ƙofar kicin, inda matar Mai Hoto ke wanke kwanuka.

Ita wannan yarinya Allah ya yi ta da idanu masu launin zuma. Su suka fara kama Mai Hoto ranar da ta zo shagonsa ɗaukar hoton katin makaranta, ya yi ta maimaita ɗauka yana cewa ta motsa, alhali ko gezau ba ta yi ba. Shi yana kiranta Zuma. Inna da Yaya kuwa, a bayan idonta, Mage suke ce mata. Inna ta sha rantsuwa cewa in yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa, haske na bayanta, sai ta ga ta rabu biyu, wani hayaƙi-hayaƙi na zagaye kanta. Ga shi yau, in ji Yaya, abin ya fito fili, ta zuba wa yaron maitar idonta.

Inna ta kira ɗanta ɗaki, ta ce ta ba shi zuwa Juma'a: ya sallami matar, yaro kuma a bar mata shi.

Mai Hoto yana son matarsa, amma bai taɓa yi wa uwarsa musu ba. Ya ce wa kansa laifin kyamara ne. Ya goge gilashinta, ya aro wata, ya sake ɗauka. Da rana tsaka ya rufe shago, ya buɗe hotunan a kwamfuta, ya yi ta ƙara girman idon har ya cika allon. Farin nan ya tsaya yana kallonsa. Hotunan mutane da ke jere a bango kuwa, sai ya ji kamar duk sun zuba masa ido suna jiran abin da zai yi.

Daga ranar ya daina haɗa ido da Zuma.

Ta gane, ta kuma ji duk abin da ake faɗa, don gidan ba shi da girma. Ta ci gaba da kai wa Inna ruwan wanka, ana karɓa da hannun hagu, in ta juya a zubar. Kukanta a banɗaki take yi, ta wanke fuska ta fito. Ranar Laraba da safe ta tsaya a gabansa yana ɗaura takalmi.

"Kwana uku ke nan kana min magana kana kallon bango," ta ce. "Ban ce ka saɓa wa Inna ba. Amma yaron nan, in na zo masa ta hagu, ba ya waiwayowa sai na yi magana. Ka kai mu asibitin ido kafin ka rubuta takardar. In tafiya ce, in tafi na san abin da ke damun ɗana."

Inna ta ce ƙafarta ƙafarsu, tana so asiri ya tonu a gabanta.

Likitar dattijuwa ce, ba ta gaggawa. Ta saurari Inna har ta gama, sannan ta ja labule, ɗakin ya yi duhu, ta kunna 'yar tocila. Ta fara da Zuma, ta ce Mai Hoto ya matso ya gani. Da hasken ya faɗa, zoben nan mai launin zuma ya tsuke, baƙin tsakiya ya ƙanƙance. Ta bayyana musu cewa abu biyu ne mutane ke haɗawa. Zoben shi ke da launi, wani baƙi, wani ruwan ƙasa, wani zuma, gado ne kawai kamar tsawo ko gajarta. Aikinsa ya buɗe ya tsuke. Baƙin tsakiya kuwa ba launi ba ne, ƙofa ce da haske ke shiga.

"Kai da ke da kyamara ai ka fi ni sani," ta ce.

Kunya ta rufe shi, don kullum da hannunsa yake buɗe wannan ƙofar yana tsuke ta.

Da ta duba yaron ta daɗe. Ta ce farin da suke gani ta cikin ƙofar wata yana ce da ta tare hasken, da ita aka haife shi, kuma babu ruwanta da launin idon uwarsa. Aiki za a yi cikin makon nan. Da an ƙara wasu watanni, idon zai saba da duhu, ko an cire yanar ba lallai ya koyi gani ba.

Inna ta miƙe tana gunaguni, tana lalubar jakarta a kan kujera alhali tana gabanta. Likita ta bi hannun da kallo.

"Hajiya, ɗan zauna."

Ta haska tocilar. Mai Hoto ya leƙa. Ga farin nan, a tsakiyar idanun mahaifiyarsa duka biyu.

Likita ta tambaye ta ko takan ga mutum ya rabu biyu, ko hayaƙi na zagaye fitila. Inna ta tuna abin da ta sha rantsuwa a kansa, ta gyaɗa kai.

An yi wa yaron aiki, bayan wata guda aka yi wa Inna. Yaya ta zo sau biyu ta ce aiki ya yi mata yawa. Zuma ce ke ɗiga wa jika da kaka magani sau huɗu a yini, ita ke riƙe hannun tsohuwa zuwa banɗaki. Ranar da aka cire bandeji, fuskar da ta fara sunkuyowa kan Inna tata ce. Inna ta daɗe tana kallonta. Mutum ɗaya ce, babu hayaƙi.

"Ashe haka kike," ta ce a hankali, hawaye na zuba. "'Yata, ki yafe min." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, sakarai, da ka sake ta da sai na saɓa maka."

Ko likita sai da ta dara.

To, 'ya'yana, ku riƙe wannan. Shekara biyu gidan nan suna tsoron launin da ba ya cutar da kowa, ciwon kuwa yana zaune a idon mai zargin. Haƙurin yarinyar nan, da maganar da ta yi a kan lokaci, su suka ceci idon ɗanta da aurenta. Kafin ku rantse a kan abin da kuka gani a jikin wani, ku fara kai naku idon a duba.