Gada a Kan Hanyar Trenton

"Cire wannan rigar kafin ki shiga gona."

Annika ba ta cire ba. Ranar Juma'a ce, kuma duk mai soja nasa a fagen yaƙi na Kandahar ja yake sawa ranar Juma'a. Har waɗanda ba su da kowa a can suna sawa.

"Baba, riga ce kawai..."

"Idan riga ce kawai, me ya hana ki cire ta?"

Henk Vandermeer manomin tuffa ne a bayan garin Brighton. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, gonarsa ɗaya. Ba ya yawan magana, wadda ya yi kuma ba ya janyewa. Ya sha faɗa cewa jar riga ba ta tare harsashi, mutanen gari suna ɗaura ƙyalle a jikin bishiya ne su koma gida su ci abinci su yi barci. Ubansa ya ga yaƙi a can Holand, ya mutu bai taɓa yin dariya a gabansa ba. Saboda haka ranar da Desmond Cormier ya zo da kakin soja neman auren Annika, Henk ko kujera bai ba shi ba. Ya ce duk ranar da ta auri soja, ta ɗauki kayanta, ta manta hanyar gonar.

Ba ta aure shi ba, ba ta kuma bar shi ba. Des ya tafi Kandahar, ita ta zauna tana tsinkar tuffa da ubanta, tana jiran waya. Da tsakar rana yake kira, lokacin da can magariba ta yi. Kullum da kalma ɗaya yake farawa: rabin raina.

A wannan makon wayar ta yi shiru.

Annika ta san abin da shirun ke nufi. Idan aka kashe soja, rufe layuka ake yi har sai an je gidan iyayensa an faɗa musu baki da baki. Ta yi ta tsinkar tuffa, har rediyo ya faɗi sunan. Wendell Sauvé. Bam a gefen hanya. Abokin Des ne, ɗakinsu ɗaya. Ta zauna a gindin tsani ta yi kukan farin ciki, daga baya ta yi na kunya.

An buɗe layuka. Matar wani soja a garin ta ce mata mijinta ya kira. Des bai kira ba.

Ran Juma'ar nan, suna cin abincin rana, wayar kicin ta yi ƙara. Henk, wanda bai taɓa tashi don waya ba, ya riga ta zuwa. Ya juya mata baya. Ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce, "Na ji." Ya sake cewa, "Na ce na ji." Ya ajiye.

"Waye?"

"Mai akwatunan tuffa."

"Mai akwatuna ne ka saurara haka?"

"Ci abincinki."

Shi bai ƙarasa nasa ba. Ya fita ya bar hularsa a kan tebur, abin da ba ta taɓa gani ba.

Da yamma ta je wurin Gwaggo Trudy, ƙanwar ubanta, mai sayar da waina da kofi a bakin titi. Ta ce mata ta tabbata Des ne ya kira, Baba ya kore shi. Wa ya san sau nawa ya yi haka tana can cikin gona? Trudy ta ce yayanta dai dutse ne, amma ba maƙaryaci ba ne. Annika ta ce ai yau ya yi ƙarya, don mai akwatuna ya kawo kaya tun farkon kaka, ga su jibge a rumfa. Trudy ta ci gaba da goge teburin shagon. Daga baya ta ce, to ko yaron ne ya canja? Maza kan canja a can. Annika ta koma gida da zargi biyu maimakon ɗaya.

Washegari Henk ya wanke motar gona. Ya aske gemu. Ya sa baƙar kwat ɗin da ya binne matarsa da ita. Ya ce zai je Colborne maganar akwatuna, ta kula da masu tsinka.

A tsakiyar kaka, tuffa na faɗuwa ƙasa, Henk Vandermeer zai bar gona da kwat a jikinsa.

Ta bar shi ya wuce kwanar coci, ta shiga tata motar ta bi shi. Abin da ta raya a ranta bai da kyau. Ta ce lauya zai gani, ya cire sunanta daga gonar. Ko kuma Des ya turo wani da saƙo, shi ne zai je ya karɓa ya yar a kwata.

Bai nufi Colborne ba. Ya bi wata hanyar ƙauye, ya tsaya a gindin gadar da ta haye babbar hanya.

Gadar cike take. Motar kashe gobara tana tsakiya, 'yan kwana-kwana tsaye a samanta. Tsofaffin soja da lambobinsu a ƙirji, mata da jarirai, tutoci rataye a jikin ƙarfe. Sai a lokacin Annika ta tuna: yau ake sauke gawar Wendell daga jirgin sama a Trenton, ta nan za a wuce da ita zuwa Toronto, shi ya sa mutane suka taru su yi masa bankwana. Ita ba ta taɓa hawa gada ranar wucewa da gawa ba. Tsoro take ji.

Henk yana can ƙarshe, shi kaɗai, babu tuta a hannunsa. Wata mata ta miƙa masa ƙarama, ya girgiza kai.

"Nan ne Colborne, Baba?"

Bai firgita ba. Ya dube ta, ya mai da ido kan hanya.

"Wa kika bar wa gona?"

"Des ne ya kira jiya."

"Shi ne."

Ta zaci zai musa.

"Me ka ce masa? Ka ce kada ya sake kira? Sau nawa ka yi mini haka?"

"Sau ɗaya ya kira. Ni ya nema, ba ke ba."

"Ƙarya ne..."

"Annika."

Henk ya yi bayani guntu-guntu, kamar ana cire masa haƙori. Ba a turo gawa ita kaɗai. Sai an haɗa ta da wani daga cikin abokan mamacin, ya rako ta tun daga can har kabari. Des aka zaɓa. Daga hanya ya kira. Ya ce kada a gaya wa Annika yana ƙasar, don idan ya ji muryarta ba zai iya tsayawa a miƙe gaban uwar Wendell ba. Yana gama binnewa zai koma. Ya ce shi ba shi da kowa a wannan hanyar, ya roƙi Henk, idan ba damuwa, ya tsaya a kan gada ɗaya.

"Kai ya roƙa? Kai da ka hana shi kujera?"

"Abin da na ce masa ke nan."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya san ba na ɗaga tuta don kowa. Shi ya sa ya roƙe ni."

Ta dube shi tana neman inda ƙaryar take. Ba ta samu ba.

Wani daga saman motar gobara ya ce ga su nan. Surutu ya ɗauke. Motocin 'yan sanda suka fara wucewa, fitilu na walƙiya ba jiniya. Sai doguwar baƙar motar gawa. Sai baƙaƙen motoci a bayanta. Tsofaffin soja suka sara wa gawar. Gilasan duhu ne, ba a ganin fuska. A mota ta biyu wani ya sauke gilashi kaɗan, ya fito da hannu cikin farar safa, ya buɗe tafinsa sama.

Ko na Des ne, ko na wani, Annika ba ta sani ba. Ta riƙe ƙarfen gada tana kuka. Motocin suka shige ƙarƙashinsu suka fita ɗaya gefen.

Mutane suka fara naɗe tutoci. Henk bai motsa ba. Ya ce ya ga samari da yawa masu iya zance, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗauko abokinsa daga ƙarshen duniya ya kawo wa uwarsa ba.

"Bar motarki a nan. Shiga tawa."

"Ya ce kada in sani."

"Ni ya gaya wa. Ni kuma na gama riƙewa."

"Tuffar fa?"

"Ta faɗi."

A Toronto suka tsaya bakin titi cikin jama'a, gaban ginin da aka shigar da gawar. Sun daɗe. Can Des ya fito ta ƙofar gefe. Ya rame, rana ta ƙona shi. Ya hango ta, ya tsaya cak.

"Rabin raina... na ce kada..."

"Na sani. Yi shiru."

Ta rungume shi. Ya kifa fuska a kafaɗarta, kukan da ya riƙe tun daga Kandahar ya ƙwace masa. Ta ce masa ya yi shi duka a nan, gobe sai ya tsaya a miƙe. Henk ya juya yana kallon motocin da ke wucewa har suka gama.

Sannan ya matso. Des ya goge ido, ya gyara tsayuwa.

"Yallaɓai, na gode da ka..."

Henk ya miƙa masa hannu. Ya damƙe nasa da ƙarfi, bai saki ba.

"Yaƙin nan har yanzu ban yarda da shi ba."

"Na sani, yallaɓai."

"Ka koma ka gama abin da ka je yi. A gonata za a yi auren, ba a barikinku ba." Ya ƙara matse hannun. "Ka dawo da ƙafarka, yaro. Na hau gada sau ɗaya. Kada ka sa in kai 'yata kan gada a karo na biyu."